Gidan da Ƙofa Ta Fi Ɗaki Yawa

Duk wanda ya biyo layin nan yana neman gidan Baba Kwana-kwana, ba a ɓata baki wajen kwatance. Sai a ce masa, "Miƙe kawai, in ka ga gidan da ƙofa ta fi ɗaki yawa, ka iso." Kuma ba sharri ba ne. Ɗakunan gidan ba su taka kara sun karya ba, amma kowane ɗaki ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta tsakar gida, ɗaya ta waje. Hatta banɗaki sai da mutumin nan ya huda masa 'yar ƙofa ta baya, wai kada tsautsayi ya ritsa da mutum yana tsugune. Maginin da ya yi aikin har ya koma ga Allah yana ba da labari, yana cewa shi dai bai taɓa gina rariya ba sai a wurin Baba Kwana-kwana.

Ƙyauren gidan duk waje suke buɗewa. Daga waje sai da makulli, amma daga ciki ko yaro mai tatata ya jingina da su, sai su wangale. Babu sakata, babu kwaɗo. Tagogi manya ne, ƙasa-ƙasa, yadda tsohuwa ma za ta iya ɗaga ƙafa ta tsallake, kuma ko tsinken ƙarfe babu a jikinsu. Madafa kuwa can ƙarshen gida ya yakice ta, ita kaɗai, kamar wadda aka yi fushi da ita. A bakin kowace ƙofa akwai jan bokiti cike da yashi, kuma kaiconka ranar da ya kama ka ka zubar da yashin ka ɗebi ruwan wanka. A hanyar wucewa ba a ajiye komai. Ko takalmi ya tarar a tsakiyar hanya, sai dai mai shi ya je ya ɗauko abinsa a bayan katanga.

Aikin kashe gobara ya yi tun yana saurayi har furfura ta rufe shi, kuma ko da ya ajiye kaki, aikin bai ajiye shi ba. In ya shiga gidan mutane, ko gaisuwar rasuwa ya je, kafin ya ce "ya haƙuri" idonsa ya riga ya zagaya ya nemo ta inda za a fita. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. An sha jin kunya da shi a wurin taro, ana tsakiyar jawabi sai a ga tsoho ya miƙe yana jan kujerun da suka tare hanya, masu kujerun na kai. Jiniyar da ya sha shekara da shekaru ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji, don haka in ana yi masa tsegumi ko a jikinsa.

Ɓarayi sun gane gidan, ina za su ƙi ganewa? Sun shigo ta taga sun ɗauke rediyo, sun dawo sun ɗauke keken ɗinkin matarsa. Maƙwabta suka taru suka ce, "Haba Baba, ka sa ƙarfe a tagogin nan kamar kowa mana." Ya ce, "Ɓarawo rediyo ya zo ɗauka, ya ɗauka ya tafi. Wuta in ta zo, kun taɓa jin ta tsaya zaɓe?" Daga nan ya juya musu kurman kunnen.

Abin yana da asali, kodayake ba ya son a tayar da zancen. Yana sabon shiga aiki aka kira su wani gida da ya kama da wuta. Maigidan mutum ne mai tsoron ɓarayi, ya zuba ƙarfe a kowace taga, ya garƙame ƙofa da kwaɗo ta waje, ya jefa makulli a aljihu ya tafi kasuwa. Matarsa na ciki. Kafin a yanka ƙarfen, abin da zai faru ya faru. Baba Kwana-kwana shi ne ya riƙe hannun matar ta tsakanin ƙarafuna yana ce mata ta ƙara haƙuri, har hannun ya saki. Tun ran nan ya rantse, in Allah ya ba shi gida, ba za a taɓa rufe ɗan Adam a ciki ba.

Ginin kaɗai bai ishe shi ba, sai da ya mai da iyalinsa ƙananan 'yan kwana-kwana. A tsakar gida ya rataye tsohon wilin mota, ƙarfen nan da ake ɗora taya a kai. Ba ya faɗin rana, ba ya faɗin lokaci. Ana cikin cin abinci ko wanki, sai ka ji ƙwal! ƙwal! ƙwal! Doka kuwa kowa ya haddace ta. Ba a ɗaukar komai, ba a tsayawa neman takalmi. A jiƙa ƙyalle a toshe hanci. Inna, matarsa, aikinta ta ja babban makunnin lantarki ƙasa kafin ta fita. Kowa ya bi ƙofar da ta fi kusa da shi, a tsallaka 'yar hanyar da ke bayan gida, a tsaya a gindin bishiyar mangwaro. Kuma ba mai motsawa daga gindin bishiyar nan, ko sama za ta faɗo, sai ya zo ya kira sunan kowa an amsa, ya ce, "Mun cika, a koma gida."

Yaran biyu ne, mace da namiji, ana ce musu Babba da Auta. Su abin wasa ne a wurinsu, tsere suke yi. Inna ce mai mita. Ta sha fitowa da kumfar sabulu har gwiwar hannu tana cewa, "Wallahi Baban yara, wata rana sai na jefa ƙarfen nan a rijiya. Mutane suna auren maza, ni na auri jiniya." Tana mitar tana tafiya, don ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙin fita ba, kuma ba ta taɓa manta makunnin ba.

To, zamani ya yi tafiya. Babba ta zama ma'aikaciyar jinya, har unguwa ta manta da wani suna sai Nas. Auta aiki ya kai shi nesa, sai dai waya. Wilin ya yi tsatsa a inda yake rataye, an daina buga shi tun da yara suka tashi. 'Yar hanyar bayan gida kuwa, wadda da sai awaki da masu keke, aka zo aka fasa ta ta zama babban titi mai hannu biyu. Aka sare mangwaron. Daidai inda yake, yanzu wani siririn dandamalin siminti ne da ya raba masu zuwa da masu komawa, faɗinsa bai fi mutum ya tsaya ya haɗe ƙafafu ba. Tireloli da tankoki ke kwarara a kai wuni guda, har bokitan yashi sukan yi rawa in babbar mota ta wuce.

Sai gigin tsufa ya kama Inna. Da farko gishiri take zubawa sau biyu. Daga baya ta fara tambayar ina uwarta ta shiga, uwar da ta rasu tun Babba na goye. Ranar da ta dubi Nas ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Nas ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da yanke mata farce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Fitar ita ce tashin hankali. Gidan da aka gina don kada ya riƙe kowa, ya tashi bai iya riƙe Inna ba. Baba yana gyangyaɗi a kujera ko ya zagaya, sai ta tura ƙofa ta yi waje. Sau ɗaya mai sayar da kayan miya ta riƙo ta a bakin babban titi, ƙafa ɗaya ta riga ta sauka kan kwalta. Wani karon wani mai babur ya ci birki har ya zube, ya kawo ta gida gwiwarsa na jini, yana faɗa yana rantsuwa. Kullum ba takalmi, kullum wajen titin ta nufa. Aka ce ai haka ciwon yake, yawo yake sa mutum.

Baba ya gwada dabarunsa. Ya rataya ƙararrawa a kowace ƙofa, amma ina kunnen da zai ji ta? Ya tokare ƙofofin da kujeru, sai zuciyarsa ta hana shi sakat, ya tashi ya janye su da kansa. Ya daina zuwa majalisar tsofaffin abokan aikinsa, ya zauna yana gadi, amma mutum ɗaya da ido biyu ba ya tsaron gidan da ke da baki ta kowane gefe. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin hayaƙi.

Ran nan da hantsi Nas ta taso daga aiki, ko farin kayanta ba ta cire ba, ta shigo da wani ƙato mai gemu, yana riƙe da tef ɗin awo. Baba na ganin tabon ƙuna a hannun mutumin da baƙin gilashin da ke rataye a wuyansa ya san ko wane ne. Ya miƙe ya tare ƙofar gaba.

"Wannan fa?"

"Mai walda ne, Baba," in ji Nas, ta ɗaga murya don ya ji. "Awo kawai zai yi. Tagogi da ƙofofin waje."

"Awon me? Wani ya ce masa gidan nan kurkuku ne?"

Mai walda ya rusuna. "Ina kwana, Baba. Ni dai kira na aka yi."

"To an sallame ka. Ka gaida gida."

"Ba inda zai je," in ji Nas. Ba ta saba yi masa musu ba. "Baba, don girman Allah ka saurare ni. Ni nake karɓar waɗanda titin nan ya kwaso. Na san yadda ake kawo su, a bayan mota, an lulluɓe da buhu. Kullum aka turo gado sai gabana ya faɗi, sai na fara duba ƙafar, in ga ko ta Inna ce. Na gaji, Baba."

"Ke kin ga na titi, ni na ga na bayan ƙarfe. Kin taɓa jin yadda mutum ke kiran sunan Allah a ɗakin da aka kulle?"

"Wutar da kake jira shekara nawa ba ta zo ba? Titin kuwa ga shi nan a bayan ɗakinta!"

"Ba ta zo ba don ta san gidan wa za ta shiga."

"Wallahi in mota ta taka Inna, ba direba ba ne ya kashe ta, ƙofofinka ne."

Kai, maganar nan ta yi nauyi. Ita kanta Nas sai da ta toshe bakinta. Mai walda ya sunkuyar da kai yana nannaɗe tef ɗinsa, yana da-na-sanin fitowa yau. Baba ya tsaya ƙiƙam. Gumi ya karyo masa, ya ɗaga kai don ya ga me ya sami fankar falo, sai ya ga ta tsaya.

Ya ɗauka ɗauke lantarki aka yi, kamar yadda ya ɗauka a sauran ranakun da Inna ta fita. Amma daga inda yake tsaye yana hango shagon mai aski a tsallaken layi, talabijin na ta yi, fanka na juyawa. Ya ture 'yarsa ya shiga ciki yana ɗingishin tsufa. A jikin bangon tsakar gida, babban makunnin lantarki yana ƙasa, an ja shi har ƙarshe. Famfo na zuba. Takalman Inna na ajiye gefe guda, ba a kan hanya ba. Ƙofar bayan ɗakinta a wangale.

"Inna!" Nas ta ƙwala kira, ta faɗa ɗaki ta fito. "Ba ta nan! Baba, ba ta nan!"

Baba ya juya. Ya bi ta ƙofar bayan, suka rufa masa baya. Yana fitowa bakin titi sai ga rumfar mai faci, wanda bai daɗe da kafa sana'arsa a bayan katangarsu ba. Mutumin ya kwantar da tayar tirela yana dukan wilin da guduma don ya raba su. A cikin gida kunnen Baba ba ya kamo wannan ƙarar, amma a nan, dab da ita, har cikin haƙoransa ya ji ta. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Inna ba yawo take yi ba. Ta manta sunan 'yarta, ta manta uwarta ta mutu, amma ba ta manta dokarsa ba. Duk lokacin da mai faci ya ɗaga guduma, ita kiran Baban yara take ji.

Bai neme ta a hagu ko dama ba. Kai tsaye ya dubi inda mangwaron yake a da.

Tana can. Yadda aka yi ta tsallake hannu ɗaya na titin nan da ranta, Allah kaɗai ya sani. Tana tsaye a kan siririn dandamalin, ƙafa ba takalmi, ta toshe hanci da jiƙaƙƙen ɗankwali. Tirela ta wuce ta gabanta, tanka ta wuce ta bayanta, iskarsu na fizgar zanenta tana tangaɗi. Mutane sun fara taruwa ta kowane gefe, kowa da abin da yake faɗa. Wasu na ihu, "Mama ki tsaya nan!" wasu na yafito ta, "Taho, taho yanzu!" Ita kuwa sai waige-waige take, tana neman wanda ba ta gani ba.

Wani mai kirki daga can tsallaken ya sami sarari ya ruga ya hau dandamalin, ya kamo hannunta zai ja ta. Inna ta turje. Ta fizge da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi, ta yi baya, diddigenta ya zame daga kan simintin. Wata babbar mota ta danna oda ta kauce, madubinta ya wuce ta gefen kanta. Nas ta kurma ihu ta durƙushe.

"Kada wanda ya sake taɓa ta!"

Muryar da Baba ya yi shekaru bai fitar ba ce, wadda ake ji ta saman jiniya. Mutumin ya saki hannun ya ja da baya. Inna ta mai da ƙafarta kan dandamali, ta juyo wajen muryar.

Baba ya ɗaga hannu sama ya sauka kan kwalta, kamar yana sanye da kaki. Amma direbobin yanzu wa ya san shi? Tsoho ne kawai mai ɗingishi a cikin 'yar shara. Mota ta farko ta zage shi ta wuce, ta biyu ta kusa tafiya da gwiwarsa. Sai mai walda, Allah ya saka masa, ya fizgi jan bokitin yashi daga bakin ƙofa, ya juye, ya faɗa titi yana kaɗa shi sama yana ihu kamar mahaukaci. Nas ta miƙe ta bi su da farin kayanta, hannu biyu a sama. Wata tirela ta ja birki mai tsawo, ƙaurin taya ya tashi, ta tsaya har Baba na jin zafin injinta a kumatunsa. Na bayanta suka tsaya, oda ta kaure ko'ina.

Ya hau dandamalin, numfashinsa na fita da ƙyar. Ɗaya hannun titin bai tsaya ba, motoci na ta wucewa ta bayanta. Bai kama ta ba, don ya san ba za ta biyo shi a haka ba. Shi ya kafa dokar.

Ta cire ɗankwalin daga hancinta. "Baban yara, ka daɗe. Na ja makunnin."

"Na gani. Kin kyauta."

"Yaran fa? Ban ga yara ba." Ta fara leƙen bayansa, ƙafarta na matsawa baki-baki. "Ko suna ciki? Bari in koma in duba."

"Tsaya inda kike! Yanzu zan kira." Ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya. "Inna!"

"Ga ni."

"Babba!"

Nas na tsaye a gaban tirela, hawaye ya wanke mata fuska. Rabon da a kira ta da sunan nan a gaban uwarta har ta manta. Ta ce, "Ga ni, Baba."

Inna ta dube ta, ta gyaɗa kai. "Yawwa. Ke kullum ke ce ta farko."

"Auta!" in ji Baba.

Shiru, sai oda. Auta na can wata duniya yana neman abincinsa. Idon Inna ya fara raina fata, ta ruɗe ta juya baya, ta ɗaga ƙafa za ta sauka ta gefen da motoci ba su tsaya ba. Baba ya sake kira, wannan karon yana kallon mai walda ido cikin ido. "Na ce Auta!"

Ƙaton nan mai gemu, da bokiti a hannu, ya ce, "Ga ni, Baba."

Inna ta mai da ƙafarta. Ta harare shi sama da ƙasa. "Kai dai ba ka ji. An ce ba a ɗaukar komai, ka kwaso bokiti."

"Mun cika," in ji Baba. "A koma gida."

Sai ta miƙa masa hannu da kanta. Suka tsallako a hankali ta gaban tirela, direban ya leƙo zai yi masifa, ya ga fuskar tsohon, ya mai da kansa ciki.

A tsakar gida Nas ta zaunar da uwarta tana wanke mata tafin ƙafa, kwalta ta ƙona shi ya yi ja. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon wilin da ke rataye. Mai faci ya biyo su yana ba da haƙuri, ya ce shi bai sani ba, zai matsa gaba da rumfarsa. Baba ya ce masa ya zauna inda yake ya nemi abincinsa. In ya tashi, gobe wani zai buga ƙarfe, ko maƙeri ko mai gyaran mota, duniya ba za ta daina ƙara don Inna ba. Kuma sabon wurin taruwa ba zai shiga kanta ba, wanda ya shiga tun tana da ƙuruciya shi ya zauna.

Ya juya wajen mai walda. "Ɗauko tef ɗinka."

Nas ta ɗago. Ba ta yi murna ba, ta san abin da maganar ta ci masa.

"Tagogi duka," in ji Baba. "Ƙofofin waje ka liƙe su. Ka bar ta gaba kaɗai. Amma ka ji sharaɗina, kuma ke ma Babba ki ji. Kwaɗon ta ciki za a sa shi. Ba a kulle ta a tafi da makulli. Duk lokacin da gidan nan yake a rufe, ina ciki."

"Baba, in za ka fita fa?"

"Ina zan je?"

Washegari aka fara. Shi ya riƙe wa mai walda ƙarfen tagar farko, bai kau da kai daga tartsatsin ba, sai da aka ce masa zai ɓata idonsa. Ya kwashe bokitan yashin da ke bakin ƙofofin da aka liƙe, ya rasa inda zai kai su, ya jera su a falo. Makullin ya zura a igiya ya ɗaure a wuyan hannunsa, da shi yake alwala, da shi yake barci. Masu kwatance a layi suka rasa abin faɗa, suka koma cewa gidan da ke bayan mai faci.

Ba a jima ba ranar gwaji ta zo. Da rana tsaka yana zaune kusa da Inna, sai ya ga ta zabura ta miƙe. Shi bai ji komai ba, amma ya sani. Ta wuce ta ja makunnin, ta jiƙa ɗankwali, ta nufi ƙofar bayan ɗakinta ta tura. Ƙofar ba ta motsa ba. Ta sake turawa da kafaɗa. Ta ruga taga, hannunta ya ci karo da ƙarfe. Ta kama ƙarafunan tana jijjigawa, tana kiran sunan Allah, da irin muryar da ya shafe rayuwarsa yana gudun ya sake ji.

Ya zo ya tsaya a gefenta, ya ɗora hannunsa a kan nata. Ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya amsa na yaran da kansa, ya ce an kashe wutar, ba abin da ya ƙone, mun cika. Ya faɗa ya sake faɗa, har yatsunta suka saki ƙarfen suka riƙe nasa.

Ta zauna a bakin gado tana mai da numfashi. Can ta ɗago ta dubi tagar, ta dube shi, irin kallon da take yi wa baƙo.

"Bawan Allah, wa ya sa ƙarfe a tagar nan?"

"Ni ne."

"To ka jawo wa kanka. Maigidana ɗan kwana-kwana ne, ba ya yarda a rufe mutum a ɗaki. Bari ya dawo ka gani."

Baba Kwana-kwana ya juya makullin da ke wuyan hannunsa. Ya sunkuya ya ɗauko takalmanta ya sa mata, ɗaya bayan ɗaya.

"In ya dawo," ya ce, "ni zan yi masa bayani."